Sirrin Harbin Jaruman Fim: Atisayen Da Ake Sha Kafin A Kunna Kyamara

Daga wakilinmu

Duk wanda ya saba kallon finafinan faɗa na Amurka ya san irin gardamar da ake tafkawa a majalisa bayan an tashi daga fim. Wani ya ce wallahi aikin kwamfuta ne, babu ɗan Adam ɗin da zai zaro bindiga ya sami mutum biyu kafin ka ƙifta ido. Wani ya ce a'a, gudun hoton aka ƙara. Wani kuma ya rantse maka cewa jarumin tsohon soja ne.

To, mai karatu, akwai kwamfuta a fim kam, babu musu. Amma saurin hannun nan da kake gani, da yadda mutum huɗu ko biyar ke tafiya da bindigogi kamar jiki ɗaya ba wanda ya tare wa wani gaba, wannan gumi ne. Kafin darakta ya ce "akshin", akan kwashe 'yan wasan a kai su daji ko filin harbi, a haɗa su da tsofaffin sojoji ko zakarun gasar harbi, su yi makonni, wani sa'in ma watanni, suna maimaita abu ɗaya a tare har ya zauna musu a jiki. Wannan atisaye shi ke ba fim ɗin armashi. Shi ne kuma ke sa kowa ya koma gida da ransa, domin an sha ganin abin da ke faruwa a lokeshin ɗin da aka yi masa riƙon sakainar kashi.

KYAFTIN ƊIN DA YA KAI 'YAN WASA DAJI

In ana maganar horar da 'yan wasa a ƙungiyance, sunan da ake fara kira shi ne Dale Dye, tsohon kyaftin a rundunar sojan kundumbala ta ruwa ta Amurka, wanda ya yi yaƙin Biyetnam. Bayan ya yi ritaya, abin da ke ba shi haushi shi ne yadda ake nuna soja a fim: ga kaki tas kamar yanzu aka karɓo daga wajen mai guga, ga riƙon bindiga kamar na sanda. Sai ya kafa kamfaninsa mai suna Warriors Inc. don gyara wannan.

Aikin da ya fito da shi shi ne fim ɗin Platoon na darakta Oliver Stone, wanda ya fito a 1986. A ƙasar Filifin aka yi shutin. Dye ya kwashi su Charlie Sheen da Willem Dafoe da Tom Berenger ya shige daji da su na tsawon mako 2. Babu otal, babu wanka mai daɗi. Su suke haƙa ramin da za su kwana, abincin gwangwani na soja suke ci, su yi gadin dare bi-da-bi, kowa da bindigarsa a jikinsa dare da rana. Da aka gama, ba a bar su sun huta ba, nan take aka shiga ɗaukar fim. Gajiyar da ka gani a fuskokinsu ta gaske ce. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar 4, har da ta fim mafi kyau na shekara.

Daga nan abin ya zama yayi. Da Steven Spielberg zai yi Saving Private Ryan na 1998, Dye ɗin dai aka kira. Ya kai Tom Hanks da abokan wasansa sansani a Ingila na kusan mako guda, cikin ruwan sama da taɓo da sanyi. Wahala ta kai wahala har wasunsu suka yi shawarar a watse, Tom Hanks ne ya tsaya kai da fata cewa sai an ƙarasa. Wani abin dariya, da gangan Spielberg ya cire Matt Damon daga wannan horo, don sauran su ji haushinsa da gaske, tunda a labarin ma saboda shi suke shan wahala. Haka kuma a Black Hawk Down na Ridley Scott, wanda ya fito a 2001 kan faɗan da aka yi a Mogadishu a 1993, barikokin sojan Amurka na Fort Benning da Fort Bragg aka tura 'yan wasan kafin a tafi Maroko yin shutin.

Dalilin haɗa su wuri guda a fili yake. Ɗan wasa ɗaya zai iya koyon riƙon bindiga a ɗakinsa. Amma tafiya a jere, da sanin inda bakin bindigarka ke kallo alhali abokinka na gabanka, da fahimtar ishara ba tare da magana ba, waɗannan sai an taru ake koyonsu.

WATA 3 SABODA MINTI 10

Masana fim da yawa na ɗaukar sin ɗin fashin banki na fim ɗin Heat a matsayin ɗaya daga cikin musayar wuta mafi kyau da aka taɓa ɗauka. Michael Mann ne darakta, a 1995 ya fito, kuma shi ne ya haɗa Al Pacino da Robert De Niro fuska da fuska a karon farko. Sin ɗin bai wuce kamar minti 10 ba, amma 'yan wasan sun shafe kusan wata 3 suna atisaye saboda shi.

Mann ya ɗauko tsofaffin sojojin kundumbala na Ingila, wato 'yan rundunar SAS, Andy McNab da Mick Gould. A filin harbi na 'yan sandan yankin Los Anjalis aka yi horon, da harsashi na gaske, har aka gina kwatankwacin titin da za a yi faɗan, da inda kowace mota za ta tsaya. Kowa ya haddace takunsa: daga wace mota zai tashi, bayan wace zai laɓe, harbi nawa zai yi kafin ya sake gidan harsashi.

In ka sake kallon sin ɗin, ka lura da De Niro da Val Kilmer lokacin da suke neman hanyar tsira. Ba sa gudu a tare. Ɗaya zai tsaya yana harbi, ɗaya ya ruga ya sami maɓoya, ya juyo ya karɓi aikin, sannan na farkon ya taso. Suna yi suna kiran juna da kalma ɗaya tak. Wannan shi ne abin da suka yi ta maimaitawa a fili. Akwai kuma wurin da harsashin Kilmer ya ƙare, ya durƙusa bayan mota, ya cire gidan harsashin ya zura wani cikin 'yan daƙiƙu, kyamara ba ta yanke ba. Kilmer, wanda ya mutu a 2025, ya daɗe yana alfahari da cewa an riƙa nuna wa kuratan soja wannan wuri a matsayin misali.

A ranakun Asabar da Lahadi kawai aka ba su damar rufe titin a tsakiyar birnin, don haka babu lokacin koyo a lokeshin. Mann kuma ya yi amfani da ainihin ƙarar harbin da aka ɗauka a wurin, mai amsa-kuwwa tsakanin dogayen benaye, shi ya sa sautin fim ɗin ya bambanta da na sauran.

Shekara 9 bayan haka, a 2004, Mann ya sake kiran Mick Gould ya horar da Tom Cruise a fim ɗin Collateral. Akwai sin ɗin lungu inda wasu 'yan daba biyu suka ɗauke masa jaka, ɗaya ya nuna shi da bindiga. Cruise ya ture hannun, ya zaro tasa, ya yi harbi 5 cikin ƙasa da daƙiƙa 2. Watanni ya yi yana maimaita wannan zarowar.

ME AKE YI A FILIN ATISAYE?

Yawancin darussan da ake koya wa 'yan wasan yanzu daga wajen masu gasar harbi aka aro su. A Amurka da wasu ƙasashe harbi wasa ne mai ƙungiyoyi da alƙalai, kamar ƙwallo. Wani tsohon hafsan soja mai suna Jeff Cooper shi ne uban wannan fanni. A 1976 ya buɗe makarantarsa ta Gunsite a jihar Arizona, kuma a shekarar ce aka kafa ƙungiyar gasar ta duniya, IPSC, shi ne shugabanta na farko.

Yadda ake lissafin maki a gasar shi ke nuna maka tunaninsu. Ana ɗaukar makin da ka samu a jikin allon harbi, a raba shi da daƙiƙun da ka ɓata. In ka yi sauri ka ɓarar da harsashi, ka faɗi. In ka tsaya saiti kamar mai jiran tsuntsu, nan ma ka faɗi. Dole a haɗa biyun.

Darasin farko babu harsashi ko ɗaya. Ana jera mutane a layi, kowa da bindiga da aka tabbatar babu komai a cikinta, malami yana ba da umarni: tsayuwa, kai hannu, zarowa, ɗagawa zuwa ido, mayarwa. A hankali ake yi, kamar hoton da aka rage wa gudu, sau ɗaruruwa. Malaman sun ce wanda ya fara da gaggawa kuskurensa yake haddacewa, kuma cire mugun sabo ya fi koyon sabon abu wuya. Su ma dai sun yarda cewa sannu ba ta hana zuwa.

Sai an ga hannu ya faɗa sannan a kawo agogo. Wata 'yar na'ura ce da malami ke riƙewa kusa da mai harbi. Za ta yi ƙara "ɗiit", shi ne izinin farawa, sannan ta riƙa jin ƙarar kowane harbi tana rubuta lokacinsa. Ita ba ta san jarumi ba, ba ta san ɗan rakiya ba. Akwai wani sanannen darasi na Cooper da ake kira El Presidente: alluna 3 a nisan yadi 10, mai harbi ya ba su baya. Da jin ƙarar sai ya juyo, ya yi wa kowane allo harbi 2, ya sake gidan harsashi, ya ƙara 2 ga kowanne. Harbi 12 ke nan, kuma ma'aunin da Cooper ya sa shi ne daƙiƙa 10.

Amfanin yin haka cikin jama'a yana da yawa. Mutum ɗaya ke harbi, sauran na baya suna kallo, kuma mai kallo yakan ga kuskuren da mai yi bai ji a jikinsa ba. Ana rubuta lokacin kowa a allo, ka ga dole a yi kishi. Akan kuma tsayar da mutum biyu kafaɗa da kafaɗa, kowa da faranta na ƙarfe a gabansa, a ga wanda zai riga kayar da nasa. Idon jama'a kansa horo ne, domin wanda hannunsa bai yi rawa a gaban abokansa goma ba, zai iya tsayawa gaban kyamara da ma'aikata ɗari.

A irin wannan fili aka gyara Keanu Reeves. A 2016 wani ɗan gajeren bidiyo ya bazu a intanet, aka ga Reeves, yana da shekara sama da 50, yana gudu tsakanin alluna yana sauya bindigogi iri 3: doguwa, da ƙarama, da irin ta farauta mai watsa ƙwayoyi. A filin Taran Butler ne, wani zakaran gasar harbi da ke Simi Valley a jihar Kalifoniya, ana shirin John Wick kashi na 2 wanda ya fito a 2017. Da Halle Berry za ta shiga kashi na 3 na 2019, ita ma can aka kai ta. Ta yi kusan wata 6 tana horon faɗa da harbi da sarrafa karnuka, har ta karya haƙarƙari 3 a wajen rihazal.

Daraktan finafinan, Chad Stahelski, ba ya son yawan yanka hoto. Yakan ja kyamara baya ya bar ta tana tafiya, ka ga jarumin daga kai har ƙafa. A irin wannan ɗauka babu inda za a ɓoye rashin iyawa. Shi ya sa ma a John Wick za ka ga harsashi na ƙarewa ana sakewa, saɓanin finafinan da muka taso muna gani, inda bos zai yi harbi hamsin da bindiga mai cin shida.

INDA AKA YI SAKACI

Kafin a koya wa kowa sauri, akwai ƙa'idoji 4 na Cooper da ake sa shi ya haddace. Ka ɗauka kowace bindiga akwai harsashi a cikinta. Kada ka nuna bakinta ga abin da ba ka son ka lalata. Kada yatsanka ya hau kunama sai ka gama saiti. Ka san abin da kake harbi da abin da ke bayansa. A filin atisaye duk wanda ya karya ɗaya, ko shi wane ne, fitar da shi ake yi daga layi.

A fim ana amfani da harsashin wasa, wanda ke da albarushi amma babu dalma a kansa, don a sami ƙara da wuta. Mutane na zaton ba ya kisa. Yana yi. A watan Oktoba na 1984 wani matashin ɗan wasa, Jon-Erik Hexum, mai shekara 26, ya gaji da jira a lokeshin ɗin shirin talabijin na Cover Up, ya ɗora bindiga mai harsashin wasa a gefen kansa da sunan raha, ya ja kunama. Ƙarfin iskar da ta fito ya fasa masa ƙashin kai, bayan 'yan kwanaki ya mutu.

Ranar 31 ga Maris, 1993, aka rasa Brandon Lee, ɗan Bruce Lee, yana da shekara 28, a wajen ɗaukar The Crow a jihar Karolina ta Arewa. Kan wani harsashi ne ya maƙale a cikin bututun bindigar tun daga wani sin da aka yi a baya, ba wanda ya leƙa. Da aka sa harsashin wasa aka harba, sai ya ingizo wancan da ƙarfi kamar na gaske, ya same shi a ciki. Wanda ya tsaya a madadin Brandon aka ƙarasa fim ɗin shi ne abokinsa Chad Stahelski, daraktan John Wick na yau. Ka ga ba mamaki da ya fito ya ce shi bai ga dalilin kawo bindiga mai iya harbi lokeshin ba. A finafinansa, musamman inda ake harbi a kusa da juna, bindigogin da aka toshe ake riƙewa, daga baya a sa wutar da kwamfuta.

Na baya-bayan nan da ya girgiza industirin Amurka shi ne na fim ɗin Rust, ranar 21 ga Oktoba, 2021, a jihar Niyu Meziko. Ana rihazal, aka miƙa wa Alec Baldwin bindiga aka ce masa babu komai a ciki, ashe akwai harsashi na gaske. Ya kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins, 'yar shekara 42, ya kuma raunata darakta Joel Souza. A 2024 kotu ta sami mai kula da makaman fim ɗin, Hannah Gutierrez-Reed, da laifin kisa ba da niyya ba, aka ɗaure ta wata 18. Shari'ar Baldwin kuwa an kore ta a watan Yuli na shekarar, saboda masu gabatar da ƙara sun ɓoye wata shaida. Bayan wannan abu Dwayne Johnson ya yi alƙawarin cewa kamfaninsa bindigar roba kawai zai riƙa amfani da ita.

Masoya finafinan Indiya ma su sani, saura ƙiris da tarihin Sholay na 1975 ya canza. Amitabh Bachchan da bakinsa ya ba da labarin cewa a wajen ɗaukar ƙarshen fim ɗin Dharmendra ya harba bindiga mai harsashi na gaske, ya ji wucewarsa ta gefen kunnensa. Allah ne ya yi da sauran kwana.

TO, MU FA?

Finafinanmu na Hausa ba sa rabuwa da 'yan fashi da 'yan sanda, yanzu ma ga masu dogon zango da ke cike da 'yan daba da jami'an tsaro. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, sin ɗin bindiga na cikin wuraren da 'yan kallo suka fi yi mana dariya. Za ka ga sufeto na magana da kofur ɗinsa yana nuna shi da bakin bindiga kamar mai nuni da biro. Za ka ga 'yan sanda biyar sun zo kama ɓarawo sun yi masa zobe, kowa na saitin ɗan'uwansa. Wani ya harba ya rufe ido, wani ya riƙe doguwar bindiga da hannu ɗaya yana gyara hula da ɗayan.

In ka yi magana sai furodusa ya ce ai mu ba mu da kuɗin Amurka. Gaskiya ne, babu mai wata 3 da zai bayar saboda sin ɗaya. Amma mafi yawan abin da su Dye da McNab suka koyar ba ya buƙatar harsashi. Tsayuwa, riƙo, cire yatsa daga kunama, tafiya a jere, ɗaya ya tsaya ɗaya ya wuce, duk da bindigar katako ko ta roba ake koyonsu. Tsofaffin sojoji da 'yan sanda da suka yi ritaya kuwa babu unguwar da babu su a Kano da Kaduna da Jos. A ɗauko ɗaya a biya shi haƙƙinsa, a tara duk waɗanda za su riƙe bindiga a fim ɗin na kwana biyu ko uku a wani fili, a yi ta maimaitawa. Yadda ake ware kwanaki ana rihazal ɗin rawa har ƙafa ta daidaita da kiɗa, haka wannan ma yake so.

Bindigar gaske kuwa a bar ta inda take. Dokar makamai ta Nijeriya, wadda ta samo asali tun 1959, ta hana mallakarta ba lasisi, kuma aron ta a hannun wani jami'i don a burge 'yan kallo ganganci ne da zai iya cin rai ya kuma ci aikin mai ba da aron. Editocinmu sun iya sa wuta da ƙara a kwamfuta, abin da ma manyan Amurka suka koma yi ke nan. Sannan duk wanda zai fita titi da kaki da bindigar roba, ya fara sanar da ofishin 'yan sanda na yankin da mai unguwa. A halin da ake ciki na rashin tsaro, wanda ya hango ku daga nesa bai san fim kuke yi ba.

Saura ya rage ga daraktocinmu da furodusoshi. Kwana uku na atisaye ba zai karya kasafin fim ba, 'yan kallo kuma za su ga bambanci tun daga sin na farko. Allah ya tsare mana 'yan wasanmu da ma'aikatanmu a duk lokeshin ɗin da suke, amin.